"Borrow me" ko "lend me"? Jan biron malama ya tayar da ƙura a zaure

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana Turanci ku raba gardama, domin jiya saura ƙiris in zura hijabi in nufi makarantar su Ilham. Aikin gida aka ba su, irin na cike gurbi: "Please ____ me your ruler." Aka ajiye musu kalma biyu a ƙasa, borrow da lend. Yarinya ta same ni a kicin ina tuƙa tuwo, ta ce Mama wanne ne? Ko waiwayowa ban yi ba na ce borrow mana, wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya sani. Jiya ta dawo, malama ta zabga mata jan biro, ta rubuta lend a sama. Ta zo ta ɗora mini littafin a cinya ta ce, "Mama, ke kika ce." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na yi difloma, shekara da shekaru "borrow me" nake faɗa, a wurin aiki ma haka kowa ke faɗa, ba wanda ya taɓa gyara mini. Malamar ce ta kuskure ko ni?

Ɗan Kwari:
Hajiya malamar ce ta so burga. Mu nan kasuwa ka ce wa mutum "lend me" sai ya zaci sunan sabuwar shadda ce ta shigo.

Tsohon Ticha:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gara da Allah ya sa ba ki je ba. Malama ta yi daidai. Amma ki kwantar da hankalinki, na shekara ashirin da wani abu ina riƙe da alli, kuma wannan kuskuren na gyara shi a littafin ɗalibi, na ji shi a bakin shugaban makaranta, ni kaina na taso ina yinsa.

Ga yadda abin yake. Kalmomin biyu aiki ɗaya suke bayyanawa, sai dai kowacce tana tsaye a gefe guda. Mai kaya, wanda abu zai bar hannunsa, shi ke yin lend. Mai karɓa, wanda abu zai shigo hannunsa, shi ke yin borrow. To a jimlar Ilham wa ake roƙa ya yi aikin? Mai rula. Shi kuwa bayarwa zai yi. Don haka "Please lend me your ruler."

In kuma lallai borrow ɗin kike so, sai ki mayar da aikin kanki: "May I borrow your ruler?" Ma'ana ɗaya, mai aikatawa ne ya sauya.

Maman Ilham:
Malam na gode, amma kaina bai gama ɗauka ba. Ai ni ce mai nema, ni ce mai aron. Me ya sa ba zan sa kalmar aro ba?

Tsohon Ticha:
Saboda a jimlar umarni ko roƙo, ba ke ce mai aikin ba, wanda kike wa magana ne. In kin ce wa yaro "sit down", shi zai zauna ba ke ba. Haka in kin ce wa mutum "borrow", kin umarce shi ne ya je ya yi aro. Ke kuwa ba aro kike so ya yi ba, bayarwa kike so ya yi.

Bazazzagiya:
Malam, Allah ya ƙara basira. Bari in tsoma baki ta ɓangaren Hausa, don ina ganin a nan gizo ke saƙar. Anti Maman Ilham, ba rashin ilimi ne ya sa kika ce borrow ba, harshenki ne ya yi miki jagora.

Mu a Hausa saiwa ɗaya muke da ita, sai mu lanƙwasa ta. Duba:

Na ari rula a wurin Ladi.
Ladi ta ara mini rula.

Kin ga "ari" da "ara mini" 'yan gida ɗaya ne, ƙarshen kalmar da karin sautin ne kawai ke nuna inda kayan suka nufa. Bahaushe ba ya ruɗewa ko kaɗan, yaro ɗan shekara huɗu ba zai ce "na ara wa Ladi" alhali shi ya karɓa ba. To da muka je makaranta aka ce mana borrow shi ne aro, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a matsayin saiwar gaba ɗaya. Ranar da za mu ce "ara mini", sai ta ɗauko borrow ta manna masa me. Shi ke nan an haifi "borrow me".

Turanci kuwa bai lanƙwasa komai ba, kalma biyu ya ajiye waɗanda ko kama ba su yi. Irinsa ne saya da sayar, su suna da buy da sell. Irinsa ne koya da koyar, su suna da learn da teach. Ba ki taɓa jin wani ya ce "buy me your car" yana nufin sayar mini ba, don tun farko an koya mana biyun a jere. Lend ne aka bari a baya kamar ɗan kishiya.

Maman Ilham:
Kai, Allah ya biya ki 'yar uwa. Yanzu na ji ta zauna. Wato "ara mini" shi ne lend me, "in ara" shi ne may I borrow.

Kofa Mai Kaki:
Ni fa da izinin manya ban yarda a kira shi kuskure ba. Ina hidimar ƙasa a kudu yanzu, daga kan ɗalibi har hedimasta "borrow me" ake cewa, Bayarabe ya faɗa, Ibo ya faɗa, Bahaushe ya faɗa, kowa ya gane. A Pidgin ma haka yake, "abeg borrow me your biro". Mutum miliyan nawa ne ke faɗin haka? Sun fi mutanen wasu ƙasashen Turai yawa. Ba'amurke ya yi wa Turanci yadda ya ga dama an ce American English, mu mun yi an ce kuskure. A farkon 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, akwai okada, akwai danfo, akwai next tomorrow, har da Kannywood ɗinmu. To ina laifin borrow me?

Ɗan Kwari:
Yauwa Kofa, faɗa musu! Turancin ma ai aro muka yi, kuma ba mu da niyyar mayarwa.

Tsohon Ticha:
Ɗana Kofa, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba na cikin masu raina Pidgin, harshe ne mai dokokinsa. A cikin Pidgin "borrow me" daidai ne, ba wanda zai ɗaga maka gira. Amma abu biyu. Na ɗaya, je ka duba kalmomi 29 ɗin nan da ka ambata, ba "borrow me" a ciki. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, Ilham ba a tasha za ta rubuta jarrabawa ba. WAEC na jiranta, NECO na jiranta, JAMB na jiranta, kuma irin wannan tambayar ta cike gurbi ita ce abincinsu. Mai duba takarda ba zai tambaye ta mutum miliyan nawa ke faɗa ba. Kai ka riga ka haye, kana da kwalinka a hannu, shi ya sa kake da bakin falsafa. Bari ita ma ta haye tukuna.

Kofa Mai Kaki:
Baba ai ban ce a koya wa yara shi a aji ba. Cewa na yi a daina sa mutane jin kunya. Dubi yadda Hajiya ta ce kamar ƙasa ta tsage. A kan me? A kan harshen da ba na uwarta ba?

Maman Ilham:
Kofa, kunyar ba ta Bature ba ce, ta 'yata ce. Kai dai Allah ya ba ka naka ka gani.

Nas A Ingila:
Sannunku da muhawara, yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da saƙo sun fi hamsin. Anti bari in ba ki abin da zai sanyaya miki rai. Nan arewacin Ingila inda nake, 'yan ƙasa, waɗanda ba su da wani harshe sai Turancin, ina jin wasunsu suna juya abin ta ɗaya gefen. Wata abokiyar aikina ta taɓa ce mini "can I lend your pen?" Na tsaya ina kallonta, a raina ina cewa wa za ki ara wa biron nawa? Ashe ita ke so. Karin harshen unguwarsu ne, kuma su ma malamansu na makaranta suna gyara musu.

Sai dai zan goyi bayan Malam a abu ɗaya. Farkon zuwana na ce wa wata "borrow me your charger", ta gane sarai, ta miƙo mini, amma sai da ta ɗan maimaita, "you want me to lend it to you?" Cikin fara'a ta faɗa, ni dai na ji a jikina. Tun ranar ban sake ba.

Injiniya Na Jamus:
A Jamusanci ma leihen ana amfani da ita ta kowane gefe, mai bayarwa da mai karɓa, sauran kalmomin jimlar ne ke fayyacewa. Haka lenen a harshen mutanen Holan. Shi ya sa Bajamushe mai koyon Turanci yake faɗawa ramin da muke faɗawa, na sha jin "can you borrow me" a bakinsu a wurin aiki. Ba mu kaɗai ba ne.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Mu nan Faransanci ya ba mu namu ciwon kan: prêter na mai bayarwa, emprunter na mai karɓa. A lakwal mushe ya sha dukanmu a kan su. Ka ce "prête-moi ton bic", ara mini bik ɗinka, wannan daidai. Ka kuskura ka sa emprunter a wurin, sai ka ji bulala.

Ɗan Kwari:
Tsaya tsaya. Mushe ne ya dake ku? Mushen me, na jaki ko na akuya?

Ɗan Damagaram:
Kai Bakano, Allah ya shirye ka. Malamin makarantar boko muke ce wa mushe, daga monsieur aka aro ta. Ku da kuke ce wa naku ticha wa ya yi muku dariya?

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan magana don Allah. Ɗan Kwari, kai ne kullum mai karkatar da akalar zance.

Bazazzagiya:
Ranka ya daɗe kafin a rufe, Ɗan Damagaram ya faɗi wata kalma da ta tuna mini abu. Ya ce "aka aro ta". Malam Tsohon Ticha, ina da tambaya, kuma ba gwaji ba ne. Mu muna da "ara mini" muna kuma da "aro mini". In na ce wa ƙanena "aro mini tsani a gidan Alhaji", ba nasa nake so ba, aikensa na yi ya je ya karɓo. Shin a nan ba za a iya cewa "borrow me a ladder" ba?

Tsohon Ticha:
Kai, wannan yarinya, ke ce ya kamata a ba allin. Ƙwarai kuwa. Wannan ne gurbi ɗaya da borrow me ke iya tsayawa da ƙafarsa: "borrow me a ladder from Alhaji", wato je ka aro mini, kamar yadda ake cewa "buy me bread", sayo mini burodi. Nahawu bai hana ba. Sai dai ba a cika faɗinsa haka ba, an fi cewa "borrow a ladder for me", don gudun ruɗani. Ni ba na ma koya wa 'yan ƙananan aji wannan, kada in kwance musu abin da na ɗaure da ƙyar.

Amma ki lura da abin dariyar. Wanda ya ce "borrow me your ruler", in aka bi shi a nahawu, cewa ya yi "aro mini rularka". Ka je wurin kanka ka karɓo aron abinka ka kawo mini. Kin ga inda ta watse.

Akwai kuma wani da za ku ji a ofis: "Can I borrow you for a minute?" Wannan daidai ne, mutumin ake ara ɗungurungum. Ma'anarsa ɗan zo in gan ka, ba zan riƙe ka ba.

Nas A Ingila:
Wannan kam kullum sai an are ni a wurin aiki, kuma minti ɗayan nan ba ya taɓa zama minti ɗaya.

Almajirin Malam:
Salamu alaikum. Ina ta karatu ban ce komai ba, sai na ga kowa na auna Hausa da ma'aunin Turanci, kamar mu ne ke da giɓi. To akwai inda Turancin ne ke da giɓi. Mu mun raba aro da rance. Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka mayar da shi shi ɗin dai: tsani, tabarma, keke, littafi. Rance kuwa ka karɓa ka kashe ko ka cinye, ka mayar da kwatankwacinsa: kuɗi, kwanon gero, gishiri. Ba wanda ke mayar da ainihin takardar dubu ɗayan da ya ranta. A fiƙihu ma babi biyu ne, ariya daban, ƙardu daban, kowanne da hukuncinsa. Bature fa? Ya ari keke borrow, ya ranci kuɗi borrow. Maƙwabciya ta zo neman sukari, shi ma borrow, alhali kowa ya san sukarin nan shayi zai shiga.

Tsohon Ticha:
Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ne, ban da ta cewa. Kuma rancen ma haka yake lanƙwasuwa: na ranci kuɗi, ya ranta mini kuɗi. Na farko borrow, na biyu lend.

Tunda an zo kan kuɗi bari in ƙara biyu. Lend ba ya karɓar -ed. In abin ya wuce lent ake cewa: "He lent me five thousand naira." Kada a ce lended. Yadda send ke komawa sent, spend ya koma spent, haka shi ma. Borrow kuwa lafiyayye ne, borrowed. Sannan kowanne da abokin tafiyarsa: borrow yana tafiya da from, lend yana tafiya da to. "I borrowed it from Musa." "Musa lent it to me." In ka ga from, hannu karɓa yake. In ka ga to, miƙawa yake.

Kofa Mai Kaki:
To Baba loan fa? Na sha ji a fim ana cewa "loan me some money".

Tsohon Ticha:
Loan asali suna ne, shi ne bashin kansa, irin wanda banki ke bayarwa. Amurkawa suna amfani da shi a matsayin aikatau sosai, musamman a kan kuɗi, kuma gefen lend yake tsayawa, gefen mai bayarwa. Mu da jarrabawarmu ta fi bin tsarin Ingila, ɗalibi ya riƙe lend ya huta.

Ɗan Kwari:
Malam tunda abin ya zo kan bashi, yanzu aka shigo fagena, don bashi hanji ne yana cikin kowa. Wallahi da gaske nake wannan karon. Akwai wani kwastomana daga kudu da ya ɗauki atamfa dila biyu, ya biya rabi. Na tura masa saƙo na ce "I am owing you four hundred thousand." Mutumin nan ya turo mini dariya da godiya, wai yaushe zan biya shi. Na kira shi na yi ta faɗa. Sai yarona na shago ya ja ni gefe ya ce Alhaji ai kai ka rubuta cewa shi ke binka. Har yau ban gane inda na ɓata ba. Ina binsa kuɗi, I am owing him, ba haka ba ne?

Bazazzagiya:
Innalillahi, Alhaji ka ba da kanka da hannunka! Wannan ya fi na Anti haɗari, ita maki biyu ta rasa. A Hausa mai kuɗi shi ke bi: ina binsa bashi. A Turanci kuwa wanda ya ci bashin shi ke yin owe. Ba "bi" ba ne fassararsa, ya fi kusa da "akwai bashi a kaina". Abin da za ka rubuta shi ne "You owe me four hundred thousand." Kuma ba a cika sa masa -ing ba, owe kawai.

Ɗan Kwari:
La haula. Wato da a gaban alƙali ne da saƙon nan ya ci ni.

Nas A Ingila:
Ɗazu ba kai ke cewa malama burga take ba?

Ɗan Kwari:
Na janye. A gaida malama. A tambaye ta ko tana yin darasin yamma na manya.

Kofa Mai Kaki:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, nan da wasu shekaru sai "borrow me" ya shiga ƙamus, ku rubuta ku ajiye. Amma na owe ɗin nan na sallama, don ni ma da haka nake faɗa.

Tsohon Ticha:
In ya shiga ina raye ka zo ka same ni, ni zan saya maka ƙamus ɗin. Kafin nan, Hajiya, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ki ɗauki abu a hannu, cokali ko murfin tukunya, ki miƙa wa Ilham kina cewa "I lend", ita ta karɓa tana cewa "I borrow". Sai ku juya. Sau biyar ya isa. Hannu ya fi kai riƙe irin wannan.

Maman Ilham:
Jama'a na dawo da rahoto. Mun yi na murfin tukunya da daddare, har ƙaninta ya shigo ciki, aka yi ta lend da borrow da ludayi. Na kuma ba ta haƙuri, na ce Mama ce ta yi kuskure ba malama ba. To da safen nan Abbansu na shirin fita, wayarsa ba caji, ya leƙo ya ce mini "borrow me your charger". Kafin in buɗe baki Ilham ta ɗago daga kan kokonta ta ce, "Abba, lend ake cewa." Ya tsaya da hula a hannu ya dube ta, ya dube ni, ya ce wa ya koya mata rashin kunya da sassafe. Na ce malamarsu ce, in yana da magana ga hijabina nan in raka shi makarantar.

Ɗan Kwari:
Hajiya ki ce wa Alhaji ya shigo zaure, akwai wuri a bencinmu na 'yan gyara. Kofa, kai kuma tunda an gama, power bank ɗina da ka karɓa tun kafin ka tafi sansani, lend na yi maka, ba kyauta ba. You owe me. Malam, na faɗa daidai?

Tsohon Ticha:
Daidai, Alhaji. Goma bisa goma.

Kofa Mai Kaki:
Sabis ba kyau a ƙauyen nan, ban ga saƙon ba.